Rediyon da ke Ɗakin Mairam

Waɗanda suka san Dibora Habila bayan ta zama dakta suna cewa taurin kai gare ta. To, a ce taurin kan ne, amma ku ji inda ya samo asali.

'Yar malamin firamare ce, mutumin Filato da aiki ya kawo Haɗeja tun kafin mulkin kai. Nan aka haife ta, Hausar nan ce a bakinta. A 1974 jami'a ta ɗauke ta ƙaramar malama, gwajin shekara ɗaya. Sharaɗin a fili yake: ta koma garinsu ta cika takardun tambaya ɗari biyu kan shirin manoma da ake yi a rediyo da hantsi, ta kai wa shugaban sashe kafin ƙarshen Agusta. In ta kai, a tabbatar mata da aiki. In ba ta kai ba, ta kama gabanta.

Takardar ta ce maigida za a tambaya. Haka ta yi, zaure zaure, daga cikin gari har ƙauyukan Baturiya. Duk wanda ta tambaya sai ya gyara zama ya ce, "Muna ji, Malama, kullum." Yo wa zai kunyata baƙuwar da ta zo da takardar hakimi?

Saura kwana huɗu, takardu sun cika, sai ruwan sama ya tsare ta a ƙofar gidan Zarami, wani manomin shinkafa da ta tambaya jiya. Matarsa Mairam ta ja ta ɗaki. Ga rediyo a kan jeren tasoshi, ana tsakiyar shirin manoma.

"Inna, ina maigidan?" in ji Dibora. "Ya ce shirin nan ba ya wuce shi."

Mairam ta yi dariya har da tafa hannu. "Haba 'yar nan, da hantsi, da damina? Yana fadama, ruwa har gwiwa. Ni ke ji, in ya zauna cin tuwo in gaya masa. Ko batun takin zamani a bakina ya ji. Abin da bai kwanta mini ba kuwa, ba na faɗa."

Ruwa na ɗaukewa, Dibora ta fita. Ta shiga gida biyar a ranar, duk kanwar ja ce. Mazan da suka tsara takardar ba su taɓa wuce zaure ba, ita kuma da ke da ikon shiga ta bi sawunsu kamar makauniya. Kunya ta kama ta, sannan haushi.

Da ta koma gida ta ba da labari, mahaifinta ya ce, "Dibora, kai musu abin da suka tambaya. A bar kaza cikin gashinta."

"Baba, in na sa hannu a kan ƙarya ɗari biyu, me zan koya wa ɗalibai?"

Ta rubuta wa shugaban sashe gaskiyar magana, ta roƙi ƙarin wata uku, ta fara daga farko. Inda ambaliya ta yanke hanya ta shiga kwalekwale. Takardun jami'a sun ƙare, ta koma ragowar littattafan rubutu na ajin mahaifinta, tana zama a tabarma mata na daka tana tambaya.

Amsa ta zo a Oktoba, layi uku: lokaci ya wuce, an ba wani gurbin. Ta yi kuka, kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Ta goge ido, ta cusa wasiƙar a jaka, ta hau motar garin Malam Madori, don ta yi wa matan wani gida alkawari.

Can littafinta na ƙarshe ya cika, ga wata tsohuwa mai suna Yagana ba ta gama bayani ba. Dibora ta lalubi jaka, ba komai sai wasiƙar. Ta juya bayan wasiƙar, ta ɗora a gwiwa.

"Ci gaba, Iya," ta ce. "Ina rubutawa."

Shekara biyu ta yi tana koyarwa a firamare kafin wata jami'a ta karanta aikin ta kira ta. Wasiƙar tana manne a bangon ofishinta har ta yi ritaya, kuma ɓangaren maganar Yagana ne ke kallon mutane.