Kallon Bakin Alhaji

Sanƙarau ne ya tafi da jina ina ɗan ashirin da wani abu. Kunnen dama ya mutu. Na hagu yana kama ƙara, ba ya kama magana. Bakina lafiya lau, amma sai na ga leɓen mutum nake sanin abin da ya ce.

Na baro Kebbe na zo Tambuwal neman aiki. Wani Alhaji mai siton hatsi ya ɗauke ni dako. Mu sauke, mu shanya, mu ɗinke buhu, mu jera. Ban gaya masa matsalar kunnena ba. Na gaya wa mutum biyu kafin shi, duk suka ce in dawo wani mako.

Alhaji ɗan gidan malamai ne, ba a yi masa magana a tsaye. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ya faɗi abin da zai faɗa, ka ce to. Mu ma haka aka rene mu, ba a kallon babba a fuska. Sai in durƙusa ina kallon takalminsa. In ƙarar ta tsaya in ce to, in tashi in bi abin da sauran 'yan dako ke yi. Wata uku ina cin abinci da wannan dabara.

Ranar da asirina ya tonu, sauran sun tafi Dogon Daji ɗauko kaya. Alhaji ya kira ni, ya yi magana, na ce to, ya shiga mota. Ashe cewa ya yi in kwashe shinkafar rani da ke shanye kafin la'asar, ya ga hadari a gabas. Ni kuwa na shige ƙuryar sito ina ɗinkin buhuna. Ban ji tsawa ba. Sai da ruwa ya taɓa ƙafata na san ana ruwan sama.

Da safe ya kira ni gaban kowa. Na san kora ce. Na durƙusa, amma na ɗaga kai na kafe bakinsa da ido.

"Kai! Ni kaka kallo haka?"

Maganarsa ta farko ke nan da na taɓa ganewa.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, kurma nike. In na sunkuya, ban sanin abin da kac ce."

Ya cire asuwakin da ke bakinsa. "Wata ukku kana ce min to?"

"Ko ɗaya ban ji ba."

Babban cikinmu, wani Bajabe, mutumin Jabo, mai baki, ya faɗi kan buhu yana dariya. Ya juyo inda zan gan shi ya ce, "Alhaji, shi ne kake yabo, wai bai taɓa yi maka musu ba!"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "To, mi kaka so?"

"Ka bar ni in dubi bakinka. Ka aje asuwaki in za ka ba ni aiki. Kuma kar a kira ni ta baya, a taɓa ni."

"Mutane su gani su ce ba ka da tarbiyya."

"Su ce. Kaya dai ba su sake jiƙewa."

Ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya ɗago, ya fuskance ni, ya yi magana a hankali kamar mai biya wa ɗalibi karatu. Ya ce shinkafar nan ni kaɗai zan sake shanya ta, kada wanda ya taimake ni. Kwana uku na yi ina juya ta a rana. Ban taɓa aiki da farin ciki irin wannan ba.

Da farko kunya ta dame mu duka biyu. Yana magana yana kau da kai, in matsa in sake fuskantarsa. Wani lokaci mu zagaya turken rumfa sau biyu kafin umarni ɗaya ya ƙare. A hankali ya saba.

Yau shekara goma sha ɗaya ina siton. Makullin ma a hannuna yake. Baƙi daga Sanyinna ko Jabo in suka ga na zuba wa Alhaji ido sai su ɓata rai. Shi kuma ya ɗaga musu hannu, ya ci gaba da gaya mini motar da za a fara lodawa.