Sodangi Wanzami da Kan Liman

A makarantar mishan an koya mana labarin sarakunan Turai na dā da suka yi ta jayayya da shugaban cocinsu a kan wanda ke da ikon naɗa limamai. Ban sha wahalar fahimtar darasin ba, domin irin wannan jayayya ta taɓa shiga gidanmu a Sakkwato.

Sodangi, kakana na wajen uwa, wanzami ne. Kimanin shekara ashirin kafin zuwan Turawa ya gaji zabirar mahaifinsa, wato jakar fatar da ake zuba asake, tare da gidaje biyu da suka yi kaka da kakanni suna yi wa aski. Ɗaya gidan wani hakimi ne, wanda ba zan faɗi sarautarsa ba saboda jikokinsa suna nan. Ɗayan kuwa gidan Malam Lawwali ne, limamin masallacin unguwa. Daga gidan hakimi hatsi da riga suke fitowa, da ƙafar rago duk ranar suna. Da su Sodangi yake ciyar da mutum tara.

Da Malam Lawwali ya tsufa, sai hakimi ya so ya naɗa wani ɗan'uwansa na'ibi, don ya gaji limanci. Malam ya ce wannan zaɓi na malamai ne da masu bin salla. Hakimi ya aika masa da kyautar bijimi, Malam ya mayar. Daga nan fadawa suka daina salla a bayansa. Sodangi dai ya ci gaba da zuwa gidajen biyu, bai taɓa ɗaukar maganar wannan ya kai wa wancan ba.

Wata Alhamis da hantsi yana zaure yana yi wa Malam aski, ya gama gefen dama ke nan, sai ga Mode, bafaden hakimi, ya tsaya a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Ya ce ana kiran wanzami yanzu, kuma an ce ya ajiye aska a inda take. Duk wanda ke zauren ya gane manufar: a bar liman da rabin kai, labari ya zagaya kasuwa kafin Juma'a.

Malam bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tafi, Sodangi. Rawani na rufe shi. Kana da iyali."

Mode ya yi dariya. "Ka ji ko? Mai kan ma ya yafe."

Sodangi ya sake jiƙa gashin da ruwa. A wurin wanzamai, wanda ya ɗora aska a kan mutum ba ya tashi sai ya gama, ko da kan bawa ne. Ya ce wa Mode, "Ka ce ma mai girma, ranshi shi daɗe, ina tafe. In da kanshi na nika aski aka kira ni, haka zan yi mashi."

Ya gama, ya gyara gemu, ya wanke aska, sannan ya tafi. Ya tarar da wani wanzami daga Wamakko zaune a gurbinsa. Ba a zage shi ba, ba a dake shi ba. An dai bar shi tsaye a rana har azahar, sannan aka ce ya koma gida.

Matarsa Atika ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Daga baya ta fara dakan fura tana sayarwa, shi kuma ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana yi wa fatake aski da ƙaho.

Bayan damina biyu manya suka shiga tsakani, hakimi da liman suka shirya, aka naɗa na'ibin da kowa ya yarda da shi. A zaman sulhun babu wanda ya ambaci wanzami. Sodangi ya yi shekara goma sha tara a rumfar nan, kuma shi ya ci gaba da yi wa Malam Lawwali aski duk Alhamis har Malam ya rasu.