Tokar Kaka da Tsohon Kishimi

Abin da na fara lura da shi da na dawo daga makaranta ranar shi ne gidanmu ba ya ƙanshi. A wani dogon bene muke zaune a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, kuma kullum tun daga ƙofar lif nake sanin Umma na ciki, don turaren wutarta ne ke fara yi wa mutum sannu da zuwa. Ranar ban ji komai ba sai warin ruwan sama a kan siminti. Kaskon turaren yana kife a bakin ƙofa, kusa da wasu takalman fata da suka sha tafiya. Kaka ya iso.

Mahaifin Abba ne, maharbi ne tun yana saurayi, ba ya shiri da turare. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, don ina goye aka kawo ni ƙasar nan lokacin da Abba ya zo karatu. A lokacin ina aji huɗu na firamare. Hausa ina jin ta sarai, amma in na buɗe baki Turanci ko Malay ke fitowa, ga kunya da ta yi mini yawa. Na tsaya a bayan labule ina leƙensa. Yana zaune a kan darduma, ya ƙi kujera, idanunsa biyu sun yi fari-fari kamar an ɗiga musu madara.

Bai waiwayo ba, hancinsa kawai ya ɗaga. "Wace ce wannan mai warin sabulun lemo? Amaryata ce? Matso in ji ki, tunda gani ya ƙi."

Na matsa, na durƙusa, na kasa gaishe shi. Ya yi dariya ya ce an yi masa amarya kurma.

Saboda idanun aka kawo shi. Yanar ido ce ta rufe su, likita kuma ya ce aikin ba mai wuya ba ne. Amma da aka kai Kaka asibiti ya ji yadda ake yi, sai ya dawo gida ya ce atafau. Ba za a sa masa ƙarfe a ido ba a ƙasar da ko sunansa ba a iya faɗa daidai. Ya ce duk abin gani da ke duniya ya gan shi, a mayar da shi gida. Abba ba ya musu da mahaifinsa. Sai dai ya zauna a gabansa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Baba, a ƙara tunani." Ina jin su da Umma suna maganar canza ranar jirgi, murya ƙasa-ƙasa. Kaka kuwa ya daina fita, ya wuni yana fuskantar tagar da ba ya ganin komai ta cikinta.

Kawu ne ya ta da zancen farauta, ƙanin Umma, wanda yake karatu a wata kwaleji yana zaune da abokansa a unguwar Taman Melati. Duk ƙarshen mako yakan zo cin tuwo, kuma turarensa yakan kwana a falonmu bayan ya tafi. Ranar ya zo da bidiyo a waya, na wasu Turawa maharba suna fesa wani ruwa a jikinsu wai don kashe wari kafin su shiga daji.

"Baba, ka ji fa, kuɗi suke sa wa abin nan. Amma wasu sun ce duk scam ne. Iska ce kawai, in ta juya an gama."

Na ga bayan Kaka ya miƙe, abin da ban gani ba tun zuwansa. Ya ce wanda ya ce iska ce bai yi ƙarya ba, maharbi iska yake so a fuskarsa, ba a ƙeyarsa ba. Amma iska ba matar kowa ba ce, tana juyawa ba sallama. Ƙananan barewa ba su san komai ba, ko da ƙanshin biki ka je za ka same su. Tsohon kishimi kuwa, wato namijin barewa da ya ga damina da yawa, bai tsufa ba sai don ya yarda da hancinsa fiye da idonsa. Shi ya sa kafin Kaka ya fita nemansa yakan bar sabulu da man shafawa, ya bar miyar daddawa, ya wanke kayansa da toka ya binne su cikin ganyen sabara, ya koma kwana a bukkar gona.

"Toka ba ta ɓoye mutum," in ji shi. "Rage shi take yi. In iska ta ci amanarka, kishimi zai ɗauka kana can nesa, ko jiya ka wuce. Numfashi biyu zai ba ka. Kai kuwa, ɗan birni, da wannan turaren naka ko rabin numfashi ba za ka samu ba."

Kawu ya ce ai ba yadda za a gwada, nan ba daji.

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. An taɓa kai mu wani lambu a tsakiyar gari daga makaranta, inda ake kiwon barewa a cikin shinge. Duk sun zo wurinmu suna karɓar ganye, ban da wani babba guda ɗaya mai ƙaho, da ya kwanta can ƙarshen shingen ya ƙi kowa. Da Hausata mai ɗingishi na ce, "Kaka, akwai tsoho ɗaya. Ba ya zuwa."

Kaka ya juyo da fuskarsa wajena. "Ashe amaryar tana magana. Ƙahonsa yaya yake?"

Na ce kamar bishiya, da rassa. Ya ce ƙarya nake, ƙahon barewa ba ya reshe, sai dai ya lanƙwasa. Na rantse. Sai ya ce a nemo masa toka.

In ka san Kuala Lumpur ka san toka ba abin samu ba ce, kowa da gas yake girki. Sai na tuna da dattijon da ke gasa satay, tsiren ƙasar nan, a ƙasan benenmu. Na daɗe tsaye a gefen rumfarsa kafin na iya cewa, "Pakcik, boleh?" wato "Baba, zan iya?" da Malay, ina nuna masa ƙasan murhun. Ya cika mini leda yana tambayata ko magani za a haɗa. Na hau sama a guje na ajiye a gaban Kaka. Ya ɗiba ya sansana, ya ture.

"Wannan ai tokar tsire ce, duk kitse. Kura kike so ki kira mana?"

Umma ta yi dariya har ta dafa bango. Ita ce ta ba mu sabon gawayi daga wanda take ajiyewa don turarenta, muka ƙona shi a tsohon gwangwanin madara a baranda har ya zama fari. Na sauka bayan bene na kwaso busassun ganye da ƙasa mai laima. Muka wanke tsohuwar rigarsa da wata doguwar rigata da hijabina da ruwan toka, suka bushe, muka cusa su a buhu tare da ganyen. Na daina shafa mai har ƙafafuna suka yi furu-furu, ƙawayena a makaranta suna tambaya ko ba ni da lafiya. Na bar sambal, miyar barkonon ƙasar nan, shi ya bar daddawa. Ban taɓa jin ɗokin wani abu kamar na kwanakin nan ba. A aji ma sai in jiƙa yatsa in ɗaga a ƙarƙashin tebur ina neman inda iskar fanka ta nufa.

Ranar Asabar muka fita mu uku da Kawu. Ni na ce kada mu sa kayan tun daga gida, don na san LRT, jirgin ƙasan cikin gari. Da muka shiga kuwa Kaka ya toshe hanci ya ce wannan ba jirgi ba ne, kantin turare ne mai taya. Ya dafa kaina ya ce amaryarsa ta fi ɗansa dabara. Sai a masallacin lambun muka canza, muka shafa toka a hannu da wuya.

A bakin shingen yara sun taru, ƙananan barewa na cin ganye a hannunsu. Kawu ya miƙa nasa, wata ta zo ta lashe masa yatsu. "Baba, ga turare ga barewa. Case closed."

"Yara sun sami yaro," in ji Kaka. "Ina babban?"

Yana can inda na san shi, kwance a ƙarƙashin wata bishiya daf da shingen baya, ya ba mutane baya. Kawu ya tafi sayen shayin ƙanƙara. Kaka ya ciro ƙullin toka daga aljihu, ya ɗiba da yatsu biyu ya saki. Sai kuma ya tsaya, hannunsa a sama. A nan na gane ba ya ganin inda ta tafi.

"Hagu, Kaka," na ce. "Ta yi hagu."

Daga nan na zama idonsa. Ya riƙe kafaɗata, muka bi siririyar hanyar da ta zagaya shingen, muka yi nisa don iska ta dawo fuskarmu. Ya koya mini sanɗa: gefen ƙafa ke fara sauka, a tsaya idan dabba ta daina tauna. Yana tambaya a kunnena ina ba shi amsa. Kunnuwansa fa? Ɗaya gaba, ɗaya baya. Wutsiya? A kwance. Baki? Yana tuƙa. Kalmomin da ban san ina da su ba suka riƙa zuwa mini da kansu. Har muka iso bayan wani kututture muka durƙusa, tsakaninmu da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ina ganin ƙudaje a gefen idonsa, da furfura a haɓarsa, da wani tsohon tabo a wuyansa.

Sai hadari ya taso, irin na la'asar ɗin garin nan da ba ya ba da sanarwa. Na ji sanyi a bayan wuyana, hijabina ya kaɗa gaba. Yatsun Kaka suka matse kafaɗata, shi ma ya ji.

Kishimin ya daina tauna. Ya ɗaga hancinsa baƙi mai laima, ya ja iska, ya sake ja. Ya miƙe a hankali, sai na ga ashe ya kusa kai jaki girma. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci kututturen, ya tako har bakin shingen, ya tsaya yana huci. Ina jin ɗumin numfashinsa. Bai gudu ba. Yana ta jujjuya kai kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san wani. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗu suka tsaya mini a ƙirji, na cije leɓe don kada ko ɗaya ya fito.

Can sai ga Kawu ta bayanmu da ledar shayi a hannu. Bai ma ƙaraso ba kishimin ya yi wata ƙara mai kama da tari, ya buga ƙafa, ya shige cikin bishiyoyi.

Har yau ba a gama wannan musun ba. Kawu ya ce motsinsa dabbar ta gani, kuma barewar da ta saba da mutane ba hujja ba ce. Kaka ya ce turare ne ya riga shi isowa. Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, na karanta abin da masu cewa iska ce kawai suke faɗa, da na masu cewa rage wari na taimakawa, kuma ina ganin kowa na da rabonsa na gaskiya. Kaka ya koma gida ya jingine bindiga, ya ce dajin da ya sani duk ya zama gona, jikokinsa na can ba wanda ya taɓa ganin barewa sai a waya. In mun yi waya ta bidiyo shi ke fara cewa na rame, ko ɗankwalina bai dace da rigata ba.

Amma ranar, bayan kishimin ya tafi, Kaka bai tashi ba. Ruwa ya fara sauka, tokar hannunmu na zama laka, Kawu na cewa mu nemi rumfa. Kaka yana durƙushe yana fuskantar inda dabbar ta tsaya.

"Na ji warinsa," ya ce a hankali. "Na ji numfashinsa. Amma inuwa kawai na gani. Da gaske rassa ne?"

"Uku-uku, Kaka. Na dama ya ɗan karye a baki."

Ya girgiza kai. "Na yi zaton na gama ganin barewa."

Abba ya kasa faɗa masa, Umma ba huruminta ba ne, ni kuwa ko gaisuwa sai da ƙyar nake yi masa. Na kama hannunsa mai toka da hannuwana biyu, na tattaro duk Hausar da nake da ita.

"Kaka, kada ka tafi tukuna. Ka bari a gyara maka idon, mu sake ƙona gawayi, mu dawo ka ƙirga rassan da kanka."