Shafukan Naɗe Sabulu

Shekara ashirin da biyu Malam Ma'ana ya yi yana koyar da darasin yamma a garejin gidansa. Matarsa, wadda ke da ɗan shagon sabulu a jikin garejin, tana iya rantsuwa ba ta taɓa ganin ya karanta labari ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Aikinsa ɗaya ne. Da jarrabawar harshe ta ƙarato, sai ya sayo littattafan da aka tsara wa ɗalibai, ya sa reza ya yanke shafukan baya, inda ake jera kalmomi da ma'anarsu, ya ɗinke su da zare. Sauran littafin, labarai da waƙoƙi duka, sai ya cilla wa matar.

"Ga shara, Maman Auta. Ki naɗe sabulu."

Daga nan sai hadda. Ta jikin bango take jiyo su kamar kwaɗi: "Jigo shi ne saƙon marubuci! Salo shi ne hanyar isar da saƙo!" Yara talatin baki ɗaya, shi yana zagayawa da tabarau a ƙarshen hanci, yana buga rula a benci. Haushi yake ba ta, kuma ba ta ɓoyewa. A ganinta mutum ne da ya haddace sunan kowane ƙarfe na keke, bai taɓa hawa ba, amma ya fi kowa baki a kan tuƙi.

Duk da haka da ta ƙyale shi da shirmensa, in ba don Auta ba. Auta ce 'yarsu ta ƙarshe, burinta makarantar koyon jinya, kuma ba a shiga sai an ci jarrabawar harshe. Ita kuwa hadda ba ta zama mata. Ranar da ta kasa kawo ma'anar kamance a gaban aji, Malam ya nuna mata ƙofa.

"Wannan kan naki ko an buɗe an zuba, ta kunne zai tsiyaye. Je ki taya uwarki. Ba za ki shiga jarrabawa ki zubar mini da mutunci ba."

"Za ta shiga, Malam," in ji Maman Auta daga bakin shago. Washegari da kanta ta je ta yi wa yarinyar rajista, ko da yake ita ma ba ta san da me Auta za ta shiga ba.

A shago Auta ta zama abin takaici. Kafin ta naɗe sabulu sai ta karanta takardar gaba da baya, mai saye na tsaye yana tsaki. Daga baya ta fara jera shafukan bisa lambarsu, tana karanta wa uwar idan ciniki ya lafa.

"Mama, matar nan ta cikin labarin fa kanta take yaudara."

"Ke dai ba ki san zaman duniya ba. Ci gaba mu ji."

Wata huɗu suna wannan gardama a tsakanin kwalayen sabulu, bango ɗaya tsakaninsu da masu ihun jigo.

A jarrabawa ba wanda ya tambayi ma'anar komai. Labari aka bayar mai shafi biyu, aka ce a faɗi abin da marubucin ke nufi, da dalilin da ya sa mutumin ciki ya yi abin da ya yi. Ɗaliban Malam suka zazzage haddarsu tsaf. Huɗu cikin talatin suka tsallake da ƙyar. Auta ta ci, ta tafi makarantar jinya.

Malam ya ce masu jarrabawa ba su san aikinsu ba. A kan titi kuwa, duk wanda ya yi masa barka sai ya gyara tabarau ya ce, "Ai jinina ce." Maman Auta ko kallonsa ba ta yi.

Wata rana da azahar ta dawo daga sarin kaya, ta tarar da shi zaune a kan kwali cikin shago, wata takarda a hannunsa, sauran a warwatse a ƙasa. Bai ji shigowarta ba. Ya karanta gaba, ya juya baya, ya sake tona tulin.

"Maman Auta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ina shafi na arba'in da ɗaya? Matar nan ta buɗe masa ƙofar ko ba ta buɗe ba?"

Ta sauke kayanta, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ba gaggawa.

"Mai wanki ya tafi da shi tun jiya, Malam, da sabulu sanda biyu a ciki. Ka jira Auta ta dawo hutu ta gaya maka."