Rotsen da Sunkamma Ta Roƙa

Sunkamma garin gangamau take sayarwa a gindin matakalar dutsenmu, kusa da rumfata ta kwakwa. Duk shekara masu ziyarar ibada ne ke saye, su shafa a goshi su hau ɗakin bauta. Ranar bikin sanduna kuwa kyauta take danna shi a kan duk wanda aka fasa wa kai.

A ranar, ƙauyukan gabas da na yamma ke gwabzawa da sanduna kan sauko da abin bautarmu, kowa na son ya kai shi garinsu. Jinin da ya zuba sadaka ne. 'Yan yawon buɗe ido sai su hau rufin motoci da wayoyinsu, suna ihu kamar ana ƙwallo. Haushinsu nake ji.

Sunkamma 'yar yamma ce, ta auri mutumin gabas. A wani bikin baya, a matsin da ke tsakiyar dutse, aka tattake mijin har ya mutu. Bana ɗanta tilo, Eranna, ya yanko gora ya sa wa gorar zoben ƙarfe, zai shiga cikin 'yan gabas.

A gabana ta tare wanta Timmappa, wanda sandarsa ba ta kuskure.

"Yaya, ka fasa masa kai tun a ƙasa, kada ya kai matsin nan."

"Ke, kanki ɗaya? Ɗan ƙanwata?"

"Gara ka ba ni shi da jini da a ba ni shi a tabarma."

Ana buga ganga gorori suka haɗu, ƙarar har cikin haƙora. Timmappa ya kutsa cikin 'yan gabas shi kaɗai, ya sauke wa yaron sanda a gefen kai. Eranna ya zube. Maimakon ya ja baya, sai Timmappa ya tsaya a kansa don kada a taka shi. Abokan yaron suka rufe shi da duka, har na ji ƙashin kafaɗarsa ya ɓalle. Hannun bai sake ɗaguwa ba.

Eranna ya farfaɗo a cinyar uwarsa, gangamau da jini har wuya, yana murmushi.

"Inna, Kawu ya cuce ni. Amma baɗi sai na kai har sama."

Ta ƙara danna garin, ta juyo ta dube ni.

"Baɗi kuma wa zan roƙa?"