Minti Huɗun Tukuna

"Yaya, ka dube ni ka ce ba ka gan ta ba!"

"Kai ka cire ta, kai ka san inda ka ajiye."

"A kan teburin nan na ajiye ta jiya. Furosesa dai ba ƙafa gare ta ba!"

"To, sai ka tambayi tebur."

Katako ne kawai ya raba shagona na gyaran agogo da nasu na gyaran kwamfuta, don haka ko tari wa da ƙanen nan suka yi sai na ji. Shekara tara ina jin faɗansu, amma na safiyar nan daban ne. Ƙarami, wato ƙanen, yana ta daka tsawa kamar kullum. Muryar wan ce ta yi sanyi fiye da kima.

Tukuna ake kiran wan. Ya ba hamsin baya, ga furfura a gemu, ga burushin kakkaɓe ƙura a aljihun gaba ko masallaci za shi. Duk abin da ka ce masa, amsar ɗaya ce. A kunna? Tukuna. A rufe murfin? Tukuna. 'Yan layinmu sun ce ranar da aka zo masa da albishir ɗin matarsa ta sauka, cewa ya yi, "Tukuna, bari in ɗaure nocin nan."

Kowa ya san tarihinsa, domin shi da kansa yake bayarwa. A da yana aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani. Wata rana aka sa shi sabunta bayos ɗin babbar kwamfutar ofis, wato ɗan shirin da ke zaune cikin bod, babban allon da ake ɗora duk kayan cikin kwamfuta a kai, wanda shi ke fara farkawa ya gane kayan da aka ɗora masa. Aikin minti huɗu ne, amma in ya katse a tsakiya bod ya mutu ke nan. Yana cikin yi, in ji shi, wuta ta ɗauke. A ranar aka ba shi takardar sallama. Tun daga nan bai ƙara taɓa bayos ba. Duk wanda ya kawo irin aikin, sai ya juya bod ɗin a hannu ya ce, "Naka ba ya ɗauka."

Wannan karon kuwa kwamfutar autarsu ce. Auta tana da injin surfani mai aiki da kwamfuta, tsoho tukuf, da shi take ɗinka tambarin makarantu a kan riguna, mata uku suna ci a ƙarƙashinta. Sabuwar manhajar zane ta fi ƙarfin tsohuwar furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai Ƙarami ya samo mai ƙarfi ya ɗora. Sikirin ya yi baƙi ƙirin. Bod bai san baƙuwar ba, kuma ba zai san ta ba sai an sabunta masa bayos. Sabuntawar kuwa ba ta yiwuwa sai da tsohuwar furosesa a mazauninta. Ita ce ta ɓata. Sauya bod ba mafita ba ne, don shi kaɗai ke da ramin da katin injin surfanin ke shiga, irin wanda aka daina ƙerawa tun Auta tana sakandare. In bod ɗin nan bai tashi ba, injin ya zama tarin ƙarfe.

Wajen sha ɗaya na ji takun Auta, na ji an ja mata kujera. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya Babba, in injin ya mutu ne ka gaya min yanzu, in je in sallami matan nan. Tun Litinin suke zaune suna kallon bango."

"Ba a ce ya mutu ba. Tukuna dai."

"Na bi duk masu tsoffin kaya na layin baya," in ji Ƙarami. "Wani dariya ya yi min, wai irinta sai dai gidan tarihi."

Har na ɗauki agogon da ke gabana, sai na ji Auta ta ce, a hankali, "Yaya Babba, fito da hannunka daga aljihu."

"Me?"

"Tun muna yara, in ka ɓoye abu hannunka na hagu ba ya barin aljihu. Haka ka yi da makullin keken Baba. Fito da shi."

Na ji an ajiye wani abu a kan tebur, ɗan ƙaramin sauti, kamar kwalin ashana mai nauyin da ba na ashana ba. Sai Ƙarami ya fashe.

"Wallahi ban taɓa ganin irinka ba! Ka bar ni ina yawo cikin rana kamar mahaukaci, tana cikin aljihunka? Abincin 'yar'uwarka fa!"

"Da na bar maka ita da ka kashe bod ɗin tun jiya."

"To kai ka yi mana, gwani!"

Daga baya na yi ta juya abin a raina. Ba mugunta ba ce. Muddin furosesar tana ɓace, injin Auta bai mutu ba, jinya kawai yake, kuma ba wanda zai ce a hannun Tukuna ya cika. Ya gwammace ƙanwarsa ta yi ta jira har abada da ya sake zama gaban minti huɗun nan.

Aka ƙwanƙwasa katakon. "Mai agogo," Ƙarami ya kira, "ara mana batirinka na ajiyar wuta, kada a ce an ɗauke."

Da na shiga da batirin, na tarar Tukuna ya riga ya mayar da tsohuwar. Ya shafa mata ɗan farin man nan mai rage zafi, ya ɗora fanka, ya danna. Tiit. Rubutu ya fito. Auta ta sauke numfashi.

"Kada ki yi murna," ya ce. "Wannan gaisuwa ce kawai."

Ƙarami ya jona batirin, ya soka filas ɗin da ya sauko da sabon bayos a ciki, ya shiga shuɗin shafin bayos, ya kai yatsa kan maɓalli.

"Tukuna."

"Yaya, don girman Allah!"

"Na ce tukuna. Mai agogo, ba ni gilashin idonka."

Na ciro gilashin da nake duba cikin agogo da shi. Ya maƙala a ido, ya sunkuya har gemunsa yana taɓa wayoyi, ya bi gefen bod ɗin da burushi. A can kusurwa, ƙarƙashin ƙurar shekaru, akwai rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa.

"Karanta sunan fayil ɗinka."

Ƙarami ya karanto, har ya zo ƙarshe: "Biyu."

"Nan ɗaya aka rubuta. Sunansu ɗaya, kamarsu ɗaya, amma wannan fitowar farko ce. Ka ɗura masa abincin ƙanensa, ba zai ƙara buɗe ido ba."

Ƙarami ya janye yatsansa kamar ya taɓa garwashi. Sai da ya yi rabin awa yana tono a wayarsa kafin ya samo na fitowar farko. Tukuna ya sa shi ya karanta lambar sau uku, ya sa Auta ta karanta, ya sa ni ma. Sannan ya goge tafinsa a wando, ya yi bisimilla, ya danna da kansa.

Fanka ta ɗauki kuka. Wani ɗan layi ya fara rarrafe a sikirin. Goma. Ashirin da biyar. Ba mai motsi. Mai lemo ya leƙo zai yi talla, Auta ta kore shi da ido kawai. Ni kuwa idona yana kan ƙwan fitilar da ke sama, Ƙarami ma haka. A nan na lura da wani abu. Mutumin da ya ce ɗaukewar wuta ce ta raba shi da aikinsa, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi fitila ba. Bai ma tambaya ko batirina a cike yake ba. Gilashina yana damƙe a hannunsa, leɓensa yana maimaita lambar nan.

Sittin da ɗaya. Layin ya tsaya.

"Ya tsaya," in ji Ƙarami. "Yaya, ya tsaya fa. In sake..."

"Ka taɓa shi in karya maka hannu."

Na duba agogon hannuna. Daƙiƙa ashirin. Arba'in. Zufa ta gangaro daga gemun Tukuna ta ɗiga a gwiwarsa. Auta ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙora. A daƙiƙa ta saba'in layin ya zabura, tamanin, ɗari, sai sikirin ya mutu, fanka ta yi tsit.

"Inna lillahi," in ji Auta.

"Tukuna," ya ce.

Fanka ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Tiit.

Bai bari kowa ya yi magana ba. Ya kashe, ya zare wuta, ya ciro tsohuwar, ya zaunar da sabuwar, ya duba kusurwarta sau biyu kada ta karkace. Da ya kunna, baƙin sikirin ya daɗe har Ƙarami ya fara salati. Sai rubutu ya fito, da sunan baƙuwar a layin farko. Bod ya gane ta.

Auta ta yi dariya da hawaye. "Da ban zo ba, sai yaushe za ka fito da ita?"

"Sai an yi sunan jikanki," in ji Ƙarami, yana ɗaure murfi. "Shekara goma sha ɗaya yana tsoron wuta, ga shi ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Tukuna ya mayar da tsohuwar cikin kwalin ashana, ya miƙa wa Auta. "Ajiye ta inda kike ajiye zinarenki." Ya ɗauki buta zai fita alwala. Ya kai bakin ƙofa, ya tuna da gilashina, ya juyo ya miƙo min. Bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

"Ƙarami. Ranar nan a kamfani, wuta ba ta ɗauke ba. Lambar ce ban duba ba."