Juyi Talatin a Bakin Rijiya

Kakarmu, wadda muke kira Dada, ba ta ba da tatsuniya sai an sauke tuwo. A gidanmu na Azare, bayan magariba, mukan zagaye garwashin murhu, ita kuma tana tsince wake a faifai. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce idan za ta fara takan ce, "Ga ta nan, amma ku matso, ba a jin wannan daga nesa."

Wai wani maƙeri ne a ƙauyen Katagum ya gaji da jan guga, ya ƙera gargare kamar ƙafar amalanke, ya kafa a bakin rijiya, ya naɗa masa igiya. Ko tsohuwa ta murza, guga zai hau cike, sai dai ƙarar ƙarfen ta hana ka jin na kusa da kai. Rannan guga ya tsinke ya faɗa, ƙanin maƙerin ya ce a zura shi ya ɗauko, alhali bai iya ruwa ba. Kowa ya san daga baki zuwa ruwa kamu talatin ne. Maƙerin ya auna fuskar gargaren daga gefe zuwa gefe, kamu ɗaya cif.

"Juyi talatin ke nan," ya ce. "Ina kaiwa zan tsaya."

"Yaya, kai da ko awakinka ba ka ƙirga su daidai?" in ji ƙanin, yana dariya yana ɗaura igiya a ƙugu.

A nan Dada takan juye waken, ta miƙo mini faifan da zare. "Ke 'yar boko, gitta shi ta tsakiya." Na gitta. "To, zagaya bakinsa." Zaren ya ci tsawon farko sau uku, har da 'yar ragowa.

"Juyi na goma bai cika ba ruwa ya rufe ƙanin," ta ce. Ta tashi ta ɗauki buta, ko ƙurunƙus ba ta yi ba.

Da aka koya mana ashirin da biyu bisa bakwai a sakandare, na ɗauka na gama fahimta: kuskuren awo ne. Sai da na yi aure, na ja ruwa da hannuna shekara da shekaru, sannan abin ya fara hana ni sukuni. Duk mai jan igiya yana jin lokacin da nauyi ya bar ta. Maƙerin ya ji. Amma lissafinsa ya ce saura ashirin, sai ya ci gaba da murzawa. Allah Ya tsare mu.